Famfon da Aka Sa wa Kwaɗo

Ranar da aka gama ɗora famfo a kan sabuwar rijiyar burtsatsen ƙauyen, Injiniya ce ta fara danna hannunsa, ita ce kuma ta fara ɓata wa mutane rai. Ruwa ya zubo garau, mata suka matso da bokitai da jarkoki, wata tsohuwa har ta tara tafin hannu. Sai Injiniya ta cika 'yan kwalabe uku, ta rubuta kwanan wata a jikinsu, ta jera su cikin akwatin ƙanƙara, sannan ta zaro sarƙa da kwaɗo daga jakarta ta ɗaure hannun famfon.

"Sai an gwada," ta ce. "Kwana biyar ne, in ya yi nisa mako guda."

Da baƙuwa ce da an yi mata uzuri, a ce haka aikinsu ya gada. To amma 'yar gida ce. A nan aka haife ta, kuma rabin matan da ke tsaye da bokiti sun taɓa goya ta. Mahaifinta shi ne tsohon mahaƙin rijiya na yankin, mutumin da ya shekara talatin da 'yan kai yana shiga ƙarƙashin ƙasa da igiya a ƙugu, har ƙirjinsa ya gaji, rijiyoyinsa kuma suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya da ruwa ya ƙara nisa. Ita kuwa ta tafi karatu, ta sami aiki da wata ƙungiya mai haƙa wa ƙauyukan manoma rijiyoyi, ta yi shekara huɗu tana naci har aka gaji da ita aka sa ƙauyensu a jeri. Tun daga nan sunanta ya ɓace, kowa sai Injiniya, har mahaifin nata idan yana son tsokanarta.

Gwaggonta, ƙanwar mahaifin, ita ce ta ajiye bokiti ta riƙe ƙugu.

"Ke 'yar nan, me za a gwada? Ruwan da ake ganin gindin bokiti?"

"Gwaggo, abin da ke sa ciwon ba a ganinsa da ido."

"To na tafkin da muke sha, mu da shanu, wa ya gwada mana shi?"

Aka yi dariya, ba ta daɗi ba. Injiniya ta miƙa wa direban motar aikinta akwatin, ta ce ya kai ɗakin gwaji na birni kafin ƙanƙarar ta narke, ta jefa makulli cikin aljihu ta wuce gida ba ta waiga ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta san zama ba. Waya ba ta kamawa a ƙauyen sai a kan wani tudu bayan makaranta, kusa da turken lantarkin da ba a taɓa ja masa waya ba. Sau shida, sau bakwai a wuni take hawa tudun, ta ɗaga wayar sama, ta sauko. Ta koma ɗaki ta buɗe takardun aikin, ta karanta abin da ta riga ta haddace: zurfi mita arba'in da biyu, dutse daga mita goma sha tara, ruwa mai ƙarfi. Ta rufe, ta fito tsakar gida, ta share inda aka riga aka share. In ta haɗa shayi sai ya huce a bakin taga. Hanyar tafki kuwa ta ƙofar gidansu ta bi, don haka tun da sassafe take jin ƙarar jarkoki suna wucewa babu komai a ciki, can kuma su dawo da ruwa mai launin ƙasa, masu ɗauke da su suna gaishe ta gaisuwar da ta fi zagi ciwo.

"Injiniya, an tashi lafiya? Ya famfonki?"

Mahaifinta yana kallonta daga kujerarsa ta ƙofar ɗaki. A bangon bayansa tsofaffin kayan aikinsa ne a rataye: guntuwar diga mai gajeriyar ƙota, igiyar da ta yi baƙi, da ƙarfen jan guga da tsatsa ta ci.

"Za ki haƙa mana wata rijiyar a tsakar gidan nan da ƙafarki," ya ce. "Zauna mana."

"Baba, da ka ga yadda suke kallona."

"Na ga wanda ya fi shi. Na taɓa haƙa gaba ashirin na fito da ƙasa busasshiya, masu gidan suna tsaye a kaina. Kallo ba ya kisa." Ya yi tari, ya jira numfashi ya dawo. "Gwaggonki ta yi gaskiya rabi. Amma ruwan tafki suna tsoronsa, suna tacewa, mai hankali ta tafasa. Wannan mai kyan ido kuwa, daga famfo sai bakin jariri. Bar kwaɗonki a wurinsa."

A kwana na shida wayar ta yi ƙara tana kan tudun. Mai gwajin ce, mace mai magana a hankali kamar ba ta son ta tashi wani daga barci.

"Injiniya, ruwanki ba shi da gishiri, ba shi da ƙarfe. Amma akwai ƙwayoyin cuta irin na kashin dabbobi. Da yawa."

"Ko kwalabar ce ba ta wanku ba?"

"Duka ukun?" in ji mai gwajin. "Kin fi ni sani, wannan abu ba ya zama a mita arba'in. In kin gan shi, ta sama ya shiga."

Injiniya ta yi godiya ta kashe wayar. Ta tsaya tana kallon gonakin da aka fara shuka, amma ba su take gani ba. Wata Laraba take gani, mako uku da suka wuce. Ran nan ne za a zuba siminti a kewayen bututun rijiyar, daga mita shida har sama, don kada ruwan saman ƙasa ya bi jikin bututun ya gangara. A ƙa'idar aikinta dole ta tsaya a kai har a gama. Da hantsi aka zo aka ce mata mahaifinta ya faɗi a banɗaki. Mai injin haƙar, wani dogon mutum da kowa ke kira Dogo, ya ce mata, "Je ki, Injiniya, wannan ai aikinmu ne na kullum." Ta ɗauki tsohon zuwa asibitin gari na gaba. Da ta dawo da yamma ta tarar da dandamalin siminti a shafe sumul, an kewaye shi da ƙaya, motar haƙa har ta juya kai. Dogo ya miƙo takarda, ta sa hannu a kan abin da ba ta gani ba.

Ta kira shugabanta na ofis. Ya saurara, bai nuna damuwa ba.

"Yakan faru. Dattin lokacin haƙa ne. Ki zuba maganin tsarkake ruwa, ki bar shi ya kwana, a buga a zubar, ki sake ɗiba. Za ki ga ya fito fes."

Ta san zai fito fes. Abin da ya hana ta sakat ke nan. Maganin zai kashe duk abin da ke cikin rijiyar a ranar, takarda ta zo da kyau, a cire kwaɗo, a yi mata addu'a. In da gaske dattin haƙa ne, shi ke nan. In kuwa ta sama yake shiga, ruwan sama na gaba zai dawo da shi, lokacin babu mai sake gwadawa. Wuni biyu ta yi da maganar a cikinta. Ta ɗauko robar maganin ta ajiye a bakin ƙofa, ta mayar da ita ƙarƙashin gado, ta sake fito da ita. Da Gwaggo ta tare ta a hanya ta ce mako ya cika, sai ta ce sakamako bai iso ba.

Washegari da safe aka yi ruwa mai ƙarfi, ya ɗauke kafin hantsi. Mahaifinta ya ɗauki sandarsa.

"Zo ki raka ni in ga famfon nan naki. Tun da aka ɗora ban je ba."

Tafiyar minti biyar ta ɗauke su kusan rabin awa. Yana tsayawa ya huta, tana tsaye gefensa tana sauya ƙafa. Da suka isa bai kalli famfon ba ma. Ƙasa ya kalla. Ko'ina ruwa ya kwanta, wani yana gangarowa daga garken shanun da ke sama da wurin kaɗan, baƙi-baƙi, da ɗoyinsa. Tsohon ya zagaya dandamalin a hankali, yana ƙwanƙwasa shi da sanda, yana karkata kunne. A gefen gabas ya tsaya. Nan ruwan bai kwanta ba. Yana zuwa bakin simintin sai ya ɗan juya, ya shige ƙasa, da wata 'yar ƙara kamar mai kurɓar shayi.

Ya sake ƙwanƙwasawa. Ya dube ta.

"Ina ruwan nan yake zuwa?"

Ta bi ruwan da kallo, shi kuwa ya ci gaba.

"Siminti in ya cika, sanda takan dawo maka da magana a hannu. Wannan ganga ce. Me takardarku ta ce?"

Sai ta gaya masa duka, har da Larabar, har da sa hannun, har da robar maganin. Tana magana tana kallon sarƙar. Da ta gama ya jingina da sandarsa.

"Ashe ni ne na ja miki."

"Ba kai ba ne, Baba. Da na dawo ai ina iya cewa ba zan sa hannu ba sai na gani."

"Kina iya." Bai sassauta mata ba, bai kuma ƙara ba. "To yanzu kin gani."

Ran nan ta sa direba ya kai ta birni. Filin ajiye injinan Dogo yana bayan tashar manyan motoci, an kewaye shi da kwano, ƙasa duk baƙin mai, bututu a jibge kamar itace. Ta same shi a ƙarƙashin motar haƙa, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya fito yana goge hannu da tsumma, yana murmushi, har ya ga fuskarta.

"Mita nawa ka zuba siminti?"

"Injiniya, ko gaisawa ba za mu yi ba?"

"Ina wuni. Mita nawa?"

Ya ninke tsumman, ya warware. Ya ce shida. Ta ce to gobe za ta sa a fasa dandamalin a gaban mutanen gari, in shida ne ita za ta roƙe shi gafara a gabansu. Ya dubi ma'aikatansa, suka sami abin yi a can nesa.

"Kin ga hadarin da ya haɗo ran nan?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Motar nan tan ashirin ce. In ruwa ya kama mu a waccan hanyar taku, sai bayan damina za ta fito, ga ƙauye biyu suna jirana. Muka cika ramin da ƙasar da muka haƙo, muka rufe sama. Ƙasar wurin laka ce, na ce za ta riƙe. Na yi haka a wurare, ba abin da ya faru."

"Ba abin da ka ji dai."

"Yanzu me kike so? Ki rubuta ni, ƙungiyarku ta daina ba ni aiki?"

"Zan rubuta abin da ya faru. Sunana ne a farko, don ni na sa hannu. Naka na biye. Abin da zan rubuta a ƙarshen takardar, ko ka dawo ka gyara ko ba ka dawo ba, wannan yana hannunka."

Ya yi tsaki, ba ita ya yi wa ba. Ya ce motar haƙa ba za ta shiga ba yanzu, hanya ta jiƙe. Ta ce ba mota take so ba, siminti take so da shi kansa.

Abin da ya fi wuya shi ne taron gari. A ajin makaranta aka yi, manya sun takure a kan bencin yara, mata a tsaye ta baya da bakin tagogi. Injiniya ta tsaya gaban allo, hannunta yana neman abin riƙewa, ta ɗauki alli ta ajiye. Ta ce sakamako ya zo tun kwana huɗu, ruwan ba shi da kyau, kuma ta ɓoye. Ta faɗi dalili. Ba ta ambaci faɗuwar mahaifinta ba, ta ce dai ta bar wurin aiki ranar da bai kamata ta bari ba.

Surutu ya tashi. Wani manomi ya ce dama shi ya san abin kyauta ba ya ƙarko. Wani ya ce a cire kwaɗon kawai, cutar da ba ta kashe su a tafki ba ba za ta kashe su a famfo ba. Gwaggo ta bari sai da aka lafa.

"Ni kika kalla a hanya kika ce bai iso ba."

"Na yi, Gwaggo. Ki yafe ni."

"Zan yafe, amma ba yau ba." Ta juya ga mai maganar cire kwaɗo. "Kai kuma, jikata kwana uku ke nan tana gudawa. In za a ba ta ruwa a ce mai kyau ne, to ya zama mai kyau. Me ake bukata, 'yar nan? Faɗi mu ji, rana tana yi."

Abin da ake bukata hannu ne. Tunda motar haƙa ba za ta shigo ba, sai dai a fasa dandamalin a haƙa kewayen bututun da diga, a kwashe ƙasar da aka cusa, har a kai inda laka ta yi tauri, sannan a cika da siminti. Rami ne matsattse, mutum ɗaya yake ɗauka, kuma in aka yi ganganci aka fasa bututun, rijiyar ta tafi. A duk ƙauyen mutum ɗaya ne ya san yadda ake irin wannan haƙa, shi kuwa ko tsayuwa mai tsawo ba ya iyawa.

Aka kawo masa kujerarsa bakin ramin. Kwana huɗu yana zaune da sanda a hannu, yana ba magidanta umarni kamar yara. "Ba haka ake riƙe diga ba, noma kake yi? Sassaƙa, kada ka sara. Bar bututun, ba abokin faɗanka ba ne." Su suna shiga bi da bi da igiya a ƙugu, ana jawo ƙasa da bokiti. Dogo ya zo ran na biyu da buhunan siminti a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, ya sha kallo, ya tuɓe riga ya karɓi layinsa na shiga rami. A mita na biyu aka fara fito da yagaggun buhunan siminti da aka cusa don su tare ƙasa. Aka jera su a gefe, kowa ya zo ya gani. Dogo bai ɗaga kai ba. Tsohon ne ya ce a kwashe su haka nan, an gani ya isa.

Injiniya kuwa ba ta matsa ko nan da can ba. Ita ke auna zurfi, ita ke ƙirga kwanon yashi da na siminti a kowane kwaɓi, in an kawo mata abinci a tsaye take ci. Ranar zubi ta leƙa ramin har sai da wani ya riƙe mata gefen riga. Aka kuma yi doguwar muhawara da mai shanu kafin ya yarda ya mayar da garkensa ƙasa da rijiyar, aka haƙa lambatu ya ɗauke ruwan sama ya kai shi wani gefen.

Da siminti ya kama, ta zuba maganin, aka buga ruwa aka zubar wuni guda. Shugabanta ya ce ta ɗiba ta aiko. Ta ce a'a, sai ƙanshin maganin ya fita, sai kuma an yi ruwan sama mai ƙarfi a kai, don shi ne zai faɗi gaskiya. Sai ga shi sama ta ɗauke kwana tara cur. Manoma suna duban gabas don shukarsu, ita tana duba don rijiyarta, har aka fara yi mata ba'a cewa ta fi masu gona son hadari. A kwana na goma aka kwarara ruwa. Ta ɗiba, ta aika, ta koma hawa tudu.

Da mai gwajin ta kira, ba ta ja magana ba. "Babu komai, Injiniya. Duka ukun."

Ba a yi wani taro ba. Ta sauko daga tudun ta cire sarƙar, ta miƙa wa shugabar kwamitin matan da za su riƙa kula da famfon, ta nuna musu inda ake sa mai da ƙusar da ke yawan kwancewa. Kafin azahar layi ya kai bakin hanya. Gwaggo ta cika kofi ta sha, ta tauna bakinta.

"Ba shi da ɗanɗano," ta ce. "Kamar mutum bai sha komai ba."

"Haka ruwa yake, Gwaggo."

"To. Ma saba." Ta tura bokitinta ƙarƙashin famfon. "Ki zo gida anjima, ki zauna ki ci abinci kamar mutane. Kin rame kamar ke aka haƙa."

Injiniya ta ce to, amma ba ta je ba. Tun a filin injina wata magana ta Dogo ta maƙale mata, cewa ya yi haka a wurare. Rijiya biyu ya haƙa wa ƙungiyarsu kafin wannan, wani abokin aikinta ne ya sa hannu, kuma an daɗe da buɗe su, mutane suna sha. Ta shiga gida ta gaya wa mahaifinta za ta yi kwana biyu, ta jera masa magungunansa a kan tebur, ta roƙi maƙwabciya ta riƙa leƙo shi. Direba yana kwance a inuwar mota ta taɓa ƙafarsa.

"Ina kuma, Injiniya? Na ɗauka yau hutu ne."

"Ƙauyen ƙetaren rafi, mu duba rijiyarsu. In mun gama mu wuce na gaba."

Ya tashi yana kaɗe riga, ya dubi sama ya ce in ba su yi sauri ba rafi zai cika kafin su ƙetare. Ta riga ta shiga mota ta rufe ƙofa.